Tuffa ta Uku

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da gonarmu ta Kuru, kusa da Jos, cike da itatuwan tuffa, kun ɗauka haka Allah ya halicce ta. Har na ji ɗayanku yana gaya wa baƙi wai babansu ya yi karatun noma a ƙasar Sin. Ban yi karatun komai ba. Ni mai sayen wanduna ne da rigunan yara a dila, kuma uwarku Binta ce ta kai ni ga tuffa. Zan faɗi yadda abin ya kasance tun da sauran numfashina, kada ku gaji ƙarya don tana da daɗin ji.

Shekarar da babban yayanku ya nutse a kududdufin da aka haƙi kuza yana da shekara goma sha shida, Binta ta daina magana. Tana amsa sallama, tana cewa to, tana cewa a'a, shi ke nan. Matar da idan tana daka ake jin waƙarta har bakin titi ta koma zama a ƙofar ɗaki tana kallon bango. Ta bar zoɓo da kunun ayar da aka san ta da su a unguwa, abinci kuwa sai an matsa mata. Na kai ta asibiti, na karɓo rubutu, na kira 'yan'uwanta, duk a banza. Ina kallo tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, kuma tsoro ya kama ni, don na tabbata in aka ci gaba a haka kabari na biyu zan haƙa. Wata bakwai muna cikin wannan hali. Ranar da nake haɗa jakar tafiya sari Guangzhou, a ƙasar Sin, ana saura kwana kaɗan azumi, sai na ji muryarta a bayana.

"Alhaji, ramukan da ya haƙa a gona suna cikewa."

Na juyo a hankali, kada in firgita ta. Na san ramukan. Goma sha biyu ne, yaron ya haƙa mata su da daminar da ta wuce, saboda ta daɗe tana burin itacen tuffa. Babanta ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Vom, a can ta ga yadda ake daka 'ya'yan a matse ruwan, kuma ɗanɗanon bai taɓa barin bakinta ba.

"Ka zo mini da iri uku," in ji ta. "Mai zaƙi, da mai tsami, da mai bauri. In babu mai baurin, ruwan sukari kawai za a sha, ba shi da ƙashi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta yi tun ranar jana'iza. Na ce mata ko a bayan duniya suke zan kawo. Tunda abin ya zo, bari in kashe wata jita-jitar: ruwan da uwarku ke matsewa a ranar ake sha, ko ta tafasa ta rufe, ragowar ta mai da shi khal. Duk wanda ya ce muku wani abu dabam aka yi a gidan nan, ku ce ya zo ya maimaita a gabana.

A lokacin mu baƙaƙen fata ba mu da yawa a garin, ana iya kallonka tun daga bakin layi har ka shige gida. Na sauka a Sanyuanli, a wani bene mai hawa biyar da ke cikin lungu. Gidajen wurin sun matse juna har rana ba ta sauka ƙasa, azahar da magariba kusan kamarsu ɗaya. Ɗakina yana hawa na huɗu, ni da Isufu, mutumin Maraɗi mai sayen takalma, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana salla. Mai kula da gidan wata tsohuwa ce 'yar firit, kowa yana kiranta Ayi, wato gwaggo a bakinsu. Ita ke shara, ita ke riƙe makullai, ɗakinta yana hawa na uku dab da matakala. Tsakanina da ita gaisuwa ce da hannu.

Da safe in shiga kantunan tufafi na titin Guangyuan, da yamma in bi kasuwannin 'ya'yan itace ina neman tuffa. Azumi ya kama, ba damar ɗanɗanawa, sai in saya in ɗauko in jira faɗuwar rana. Ranar Juma'a a ƙofar masallacin Huaisheng Allah ya haɗa ni da Musa, Basine Musulmi mai farar hula, yana sayar da tuffa a kwando. Ɗan duwatsun Yunnan ne, inda ya ce sanyinsu da tsayin ƙasarsu sun yi kusa da abin da na kwatanta masa na Jos. Yana da Larabci, ni ma ina da ɗan abin da na tsinta a zauren malam, da shi muka yi ta lallaɓawa. Ya ce ƙanensa zai sauko da kaya a jirgin ƙasa kafin sabuwar shekararsu, zai iya taho mini da dashe. Mai zaƙi ya nuna mini ja mai ƙyalli, mai tsami ya nuna mini kore mai tauri, na zaɓa ba wahala. Da na zo kan mai bauri, na tsuke baki don ya gane, sai ya yi dariya.

"Meyo, Haji. Babu. Wa zai shuka abin da ba a saye? Tsofaffin ma sare su ake yi."

Na zaga garin nan har takalmina ya cinye, ko'ina meyo. Ranar goma ga azumi na dawo a gajiye, ban samu abin hawa ba, rana ta faɗi ina tsakiyar matakala. A hawa na uku, gefen ƙofar Ayi, na ga ɗan ƙaramin tebur da faranti, tuffa uku a kai, ƙanana, munana, fatarsu kaushi-kaushi, ga kofin shayi a gefe. Ba kowa a wurin. Na ce Allah sarki, tsohuwar nan ta lura muna azumi, ta ajiye mana abin buɗa-baki. Ai haka muke yi a gida, ka fitar da kwano ƙofa, wanda magariba ta riska ya sha. Na yi bismilla na ɗauki ɗaya na gatsa. Bakina ya ɗaure, dasashina ya tsuke, wani ƙamshi ya haye mini har hanci. Na zauna a kan matakala ina hawaye kamar yaro, don na san na samu abin da Binta ta aike ni. Na cinye, na ciro 'ya'yan da wuƙata ɗaya bayan ɗaya na ƙulle a takarda don shuka, ragowar na ajiye a gefen farantin da ladabi.

Washegari na tarar da biyar a farantin, an ƙara da shinkafa a ɗan kwano. Na ci biyu. Rana ta uku bakwai ne, da wata rigar sanyi ta maza a ninke a gefe, abin da ban gane dalilinsa ba. Abin da na lura shi ne tsohuwar ta sake. Da safe na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa tana shara, ta taje kanta, idanunta sun kumbura amma fuskarta a sake. Ƙamshin tuffar kuma ya ƙi barina. Ina cikin kanti tsakanin dilolin wanduna, bakina a bushe da azumi, sai in ji baurin a harshena kamar yanzu na haɗiye, har na fara shakkar azumina. A rana ta huɗu na ce wa Isufu ya biyo ni ya ga karamci. Muka sauko tare da magariba, na miƙa hannu, sai ya damƙe mini wuyan hannu.

"Kai, Alhaji! Mi kake yi?"

"Buɗa-baki, me kake gani?"

"Ɗaga kanka ka duba bisa."

Na ɗaga. Sama da teburin, a inda duhu ya fi yawa, akwai hoton wani saurayi cikin baƙin firam, yana kallon daidai inda nake tsaye. A ƙarƙashinsa ga gwangwani cike da toka da guntayen tsinken turare. Kwana uku ina zama a wurin, yunwa ta hana ni ɗaga kai. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

"Wanga abincin mamaci na," in ji Isufu. "Kwana nawa kana ci? Innalillahi. Da kwanon matacce kake shan ruwa, Alhaji!"

Na hau sama na yi ta kurkure baki. Na yi istigfari har harshena ya gaji. Amma abin da ya fi damuna shi ne waƙar tsohuwar, don yanzu na gane wanda take tsammanin yana cin tuffar. Isufu ya ce mu tattara mu sake gida mu yi shiru. Na ce ban iya ba. Na je na roƙi Musa ya zo ya yi mini tafinta, sai ga shi ashe daga yanki ɗaya suke da ita, harshen ƙauyensu ɗaya.

Da hantsi muka shiga ɗakinta. Gado ne da kujera da kwali ɗaya na tuffa a ƙarƙashin taga, ɗakin ya fi waje sanyi. Na durƙusa na faɗi laifina, Musa yana juyawa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Ta saurara har na gama, hannayenta a kan gwiwa, sannan ta yi magana a hankali, idonta a kan bakina.

"Ta ce ta sani," in ji Musa. "Ran farko ta ɗauka ɗanta ne. Rana ta biyu ta leƙa ta ramin ƙofa ta gan ka."

"To me ya sa ta ƙara?"

Musa ya tambaye ta. Da ta amsa sai ya gyara hularsa, kamar ba ya son faɗa.

"Ta ce shekara uku tana ajiyewa, bai taɓa taɓawa ba. Ta ce ɗanta ba ya cin tuffa sai ya ciro 'ya'yan da wuƙa ɗaya bayan ɗaya ya ƙulle a takarda, tun yana ƙarami. Ta ce ba wanda ya koya maka wannan. Ta ce da bakinka ya ci."

Na ce a gaya mata don shuka na cire, ba komai ba. Ta gyaɗa kai ta ce shi ma don shuka yake cirewa. Daga nan labarin ya fito. Ɗanta ɗaya ke nan, mai auren itatuwa ne a ƙauye, ya zo birni aikin gini ya faɗo daga sama, ita kuma ta biyo gawarsa ta kasa komawa. Tuffar daga itace ɗaya take, wanda ya aura da hannunsa a bayan gidansu, duk hunturu ake aiko mata da kwali. Bana ce ta ƙarshe, don dangin mijinta za su sare tsofaffin itatuwa su dasa ja mai shiga kasuwa. Musa ya ƙara da nasa, ya ce 'ya'yan da na ƙulle aikin banza ne, ɗan tuffa ba ya gadon uwarsa, sai an yanko reshe an aura a kan wani gindin, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Ban san lokacin da na ce ta taimake ni da reshe ba. Na ba ta labarin Binta da ramuka goma sha biyu. Kwaɗayi ne ya yi magana, da tsoron komawa gida hannu rabbana.

Ta ce ta riga ta aika ƙauye tun ranar da ta leƙo ni, yanzu kuma rassan sai su zo tare da kayan Musa. Sharaɗinta ɗaya ne. Ita ta tsufa, ba jika, in ta mutu ba mai ajiye wa yaron abinci, zai yi ta yawo da yunwa har abada. Duk shekara in itacen ya yi 'ya'ya, in ɗebi uku na farko in sa a faranti, in kunna turare, in kira shi ya ci.

Kwana goma sha biyu na yi da maganar nan a ƙirjina. Isufu ya ce abin ai mai sauƙi ne.

"Ka ce mata to, ka amshi icenka. Wa za ya bi ka Jos ya duba? Mu da muke ce ma lawban mai kanti gobe za mu dawo, mu dawo baɗi?"

Gaskiya ne, to ɗin ɗan kasuwa ba ta da nauyi, na sha faɗinta. Na kusa yi. Amma duk magaribar da na wuce hawa na uku, kaina a sunkuye, sai in ji ana kallona daga saman teburin, farantin yana nan cike ba wanda ya taɓa. In na cika alkawarin na yi shirka, in na karya na ci amanar uwa a kan ɗanta da ya mutu, ni da na bar irinta a gida. Na tambayi Musa, ya ce shi mai sayar da tuffa ne, ba limami ba.

A wannan shekarar, sallarmu da sabuwar shekararsu tare suka zo. Filin tashar jirgin ƙasa ya cika da mutane zaune kan buhunansu, dubbai, shiru, kowa yana jiran hanyar gida. Ta cikinsu muka kutsa muka karɓo kayan. Nawa ƙunshi biyu ne na dashe, sanduna tsirara ba ganye ko ɗaya, ka rantse busassu ne, Musa ya ce barci suke yi. Na Ayi ɗan ƙunshi ne da bai fi damtse ba, an naɗe shi da farin ƙyalle mai danshi an ɗaure kai da ƙafa. Ban so kamanninsa ba. Na kai mata har ɗaki, na ajiye a gabanta, na ce Musa ya gaya mata ba zan iya ba. Addinina ya hana ni kiran matacce ya ci abinci, kuma ba zan ce mata to in yi ƙarya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙunshin ta rungume a ƙirji, ta juya mana baya tana jijjiga shi. Na fito ina jin kaina mugu, kuma har yau da nake rubutun nan ban daina ji ba.

Ni na shirya kwalin dashen da hannuna, ƙunshi biyu, Isufu yana tsaye. Na ɗaure da igiya, ƙullin da babana ya koya mini na ɗaurin jaki. Na san Ayi tana da makullin ɗakin, kada ku ɗauke ni wawa, na yi wannan tunanin sau dubu. Amma da na sauke kwalin a tsakar gidanmu bayan kwana uku a hanya, ƙullina ne a jiki, yadda na yi shi. Na kwance a gaban Binta, ina ta shirya yadda zan ce mata biyu na samo. Na ɗaga na farko, na ɗaga na biyu. A ƙasa ga farin ƙyallen nan a kwance. Na taɓa shi, sanyi ƙalau kamar daga randa aka ciro, alhali sauran kayan sun sha zafin Kano har sun yi ɗumi.

Niyyata in kai shi murhu. Na ɗauka har na miƙe, sai Binta ta ce mene ne. Na zauna na gaya mata komai, tun daga farantin har jijjigar. Ban rage ba, har kusan cewa to da na yi. Tana saurare, ta karɓi ƙunshin ta ɗora a cinya, ta kwance shi a hankali. Rassa shida ne, kowanne da idanunsa a rufe. Ta daɗe tana shafa su da yatsa.

"Yaya sunan yaron?" in ji ta.

Na zauna a ɗakin matar nan sau biyu, na ji yadda ya faɗo, na ji yadda yake cin tuffa, na roƙi itacensa. Ban tambaya ba. Da na koma bayan shekara an rushe lungun, Musa ma ya ce ɗan Ayi kawai ya sani, don haka har gobe ba ni da amsa.

"Ka ci abincinsa, Alhaji, ka ɗauko itacensa, ba ka tambayi sunansa ba?" Muryarta ta tashi, irin tashin da na yi wata takwas ban ji ba. "Ba sai ka kira shi ya ci ba. Da ka tambaya kawai, ta faɗa da bakinta, wani ya ji. Ni nawa ɗan fari ne, kunya ta hana ni kiran sunansa. Shekara goma sha shida ina cewa kai, ina cewa wannan yaron, har aka fito da shi daga ruwa ban kira shi ba ko sau ɗaya."

Ta miƙe da rassan a hannu, ta ce in ɗauko wuƙa da fartanya, yanzu za mu gona. Muka tafi da la'asar, ita a gaba ni a baya. Ramukan sun cike rabi, ciyawa ta bushe a bakinsu. Ta tsaya a kan na farko ta leƙa ciki, ta daɗe, sannan ta ɗaga kai ta buɗe murya yadda ake kiran yaro ya zo cin tuwo, har duwatsun suka amsa.

"Nasiru!"

Sai ta durƙusa ta fara kwashe ƙasar da hannunta tana kuka, ni ma na durƙusa na kama mata.